Kofur Ya Wanke Saje Tas

"Saje, yau dai sai ka ji gaskiya!"

Kofur ne tsaye a tsakiyar bariki da silifas, jaka a kafaɗa. Da safen nan wa'adin aikinsa na soja ya cika. Ya riga ya rabar da komai, bargo ga wannan, takalmi ga wancan, har cokalinsa ya kyautar.

"Muryarka kamar tsohon janareto. Kai ko akuya aka ba ka kiwo sai ta gudu. Yaƙi ake yi, amma abokan gaba ba su gasa min aya a hannu kamar kai ba!"

Sojoji suka taru suna kallo. Saje kuwa ya gyara zama a benci, yana gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi.

"Ka gama, ranka ya daɗe?"

"Na gama. Na bar ka da halinka."

"Madalla. To je ka karɓo takalminka. An ƙara maka wa'adi daga sama, sai yaƙi ya ƙare. Hukuma ta ce ba za ta iya rabuwa da gwarzo irinka ba."

Jakar ta zame ta faɗi. "Kuma ka bar ni ina ta zuba?"

"Haƙƙinka ne. Ni ma ranar da nawa wa'adin ya cika, haka na wanke sajena tas a gaban jama'a." Ya nuna wani tsoho mai furfura da ke kankare tukunya a bakin kicin. "Ga shi can. Shi ma motar gida yake jira."