Ina Usainarki?

Ita kaɗai aka haifa, amma Hassana aka raɗa mata, don ungozomar garinsu Dauran ta rantse kai biyu ta taɓa a cikin uwarta. Tun tana yarinya ake tsokanarta, "Ina Usainarki?" Takan yi dariya, ta ja zane ta rufe farin tabon da ya raba cikinta gida biyu.

Dariyar ta ƙare ranar da aka gwada jininsu don yi wa ɗanta Mujahid dashen ɓargo, saboda sikila. Likita ta ce mijinta Namadi uban yaron ne, babu shakka. Ita kuwa Hassana ba uwarsa ba ce. Jini ya nuna uwar yaron 'yar'uwar Hassana ce, ciki ɗaya.

Ƙanwa ɗaya gare ta, Hannatu.

A motar komawa Ƙaura Namoda ta haɗa lissafin. Tiyata aka yi mata, ba ta cikin hayyacinta aka ciro jaririn. A shekarar kuma Hannatu ta yi watanni a garin Katuru, wai jinya. Ga yadda take goya yaron kamar za ta haɗiye shi. Wato nata ya mutu, aka sa mata na Hannatu da Namadi.

Namadi ya rantse da Alƙur'ani bai san zancen ba. Ta ce ya rubuta mata saki.

Hannatu ta zo har tsakar gida ta durƙusa. "Yaya, mi na yi miki?"

"Ke kin sani. Tashi, kada ki ɓata min tabarma."

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Hannatu. An aiko tana kiranta, Hassana ba ta je ba. Zaman makoki ma ba ta je ba.

Bayan sadakar arba'in likitar ta neme ta. Sakamakon ya tsaya mata a rai, ta sake gwaji da ƙwayoyin halittar bakin mahaifarta maimakon jini, sai suka dace da na Mujahid. Ta bayyana cewa a farkon ciki jiki bai san nasa da baƙo ba. Idan cikin tagwaye ne, ɗan tayi ɗaya ya narke cikin ɗan'uwansa a lokacin, garkuwar jiki ba ta yaƙarsa, sai su rayu a fata ɗaya.

"Ke kika haife shi, Malama. Amma ƙwan na wata ne."

Hassana ta ɗora hannu kan farin tabon. Ashe ungozoma ba ta yi kuskure ba: ɗan Usaina ne.