Wanda Allo Bai Gani Ba

"Hanya fes, a saki motar gwaji," in ji injiniya, idonsa a kan allon da ke nuna motocin mahaɗar titi kamar korayen ɗigo.

Ni aikina leƙa taga ina ƙirga masu wucewa. Wata uku ban taɓa ɗaga murya a ofishin nan ba. Sai ga wani tsoho ya turo baro zai tsallaka, baro kuwa ba shi da na'urar da allo ke gani.

"Ga baba a titi! Ku tsaya!" na ƙwala ihu.

Injiniya ya danna maɓalli, birkin motar gwajin ya yi ƙara.

Ya dubi allo, ya leƙa taga, ya daɗe yana kallon tsohon da baronsa. Sannan ya janyo kujerarsa kusa da tawa.

"Sarkin shiru, wa kuma kike gani?"