Takalman Mama a bakin jirgi

Ina 'yar shekara tara Mama ta ɗauko ni daga Selly Oak, unguwarmu a ƙasar Turawa, har bakin teku, don in ga seal, dabbobin nan masu kama da ayu da ke kwanciya a duwatsun tsibiri.

Da muka zo shiga jirgin ruwa, sai ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu. Baturen mai jirgin ya ce ciki a jiƙe yake, ta mayar da su ko mu koma gida. Ni ce tafinta.

Mama ta ce, "Gaya masa ni 'yar masunta ce daga Yawuri. A gidanmu ba a taka jirgi da takalmi, kuma ba yau zan fara ba."

Na gaya masa. Ya daɗe yana kallon ƙafafunta, sannan ya ba mu hanya.

Da ƙyar nake tuna seal ɗin. Ƙafafun nan nake tunawa, jajur da lalle, kafe cikin ruwan sanyi.

Bana na kai 'yata wurin jirgin nan daga Gorton, unguwar da muke zaune yanzu. Ina sunkuyawa zan tuɓe takalmina ta ce, "Mum, people are looking," wai mutane suna kallo.

Na ce, "Su kalla."