Malamai Huɗu na Akwatin Labo

Ranar sadakar arba'in ta Alhaji Labo a Agiye, ɗansa Musbahu ya fito da wani kaset da ya tsinta a ƙasan akwatin marigayin. An rubuta masa da ajami: "Malamai Huɗu, zaɓaɓɓu."

"Jama'a, ga wa'azin da Baba yake saurare shi kaɗai a ɗaki," in ji shi, ya zura shi a rikoda. Labo kuwa mutum ne da ya taɓa fasa rediyon 'yarsa saboda kiɗa.

Sai jita ta tashi, ganga ta bi ta, Turawa suka kece da waƙa. Ashe tarin waƙoƙin wasu tsofaffin makaɗa huɗu ne. Ni dai da nake cikin masu zaman sadakar na ce a raina yau mutuncin Labo ya zube, kuma shi ya ja wa kansa.

Liman Sha'ibu ya miƙe, fuska a murtuke. Musbahu ya fara ba shi haƙuri: "Allah gafarta Malam, wallahi ban..."

"Miƙo min kaset ɗina," in ji Liman. "Shekara arba'in ubanka yana rantse min ya ɓace. A'a, kar ka kashe! Bari ta ukun ta zo, ita ce mai daɗin."