Ɗan Wasa da Kwandon Makarantarsu

Sunan yaron ya ɓace mini, Malam, haka ma shekarar. Kwanakin baya sunan ya faɗo mini ina tsakiyar alwala, kafin in kai ga wanke ƙafa ya sake tafiya. Amma tunda ka ce sabon wurin aikin da aka kai ka komai nasu a karkace yake, bari in ba ka abin da ya rage a kaina.

A wani gari da na taɓa zama ina koyarwa, an yi wani dogon saurayi ɗan sakandare da ya gagara a ƙwallon kwando. Filin makarantarsu shi kaɗai ne a duk yankin, saboda haka duk makarantar da ke son karawa da su nan take zuwa. Shekara uku, ko huɗu ne, yana jifa cikin kwandon nan safe da yamma, har hannunsa ya san hanya ba sai ido ya duba ba. Yakan saki ƙwallo daga nesa ya juya baya, ya bar 'yan kallo su gaya masa ta shiga. Labarinsa ya kai wata jami'a, suka ba shi gurbin karatu da ɗakin kwana, bisa sharaɗin ya riƙa buga musu wasa. A gidansu kuwa ba a taɓa samun wanda ya wuce sakandare ba.

Da ya je, sai hannun ya ci amanarsa. Duk jifan da ya yi, ƙwallo ta daki gaban zoben kwandon ta dawo. Abokan wasansa suka riƙa tsokanarsa, suna cewa, "Dogo, ƙwanƙwasawar ta isa haka, yi sallama mana ko a buɗe maka." Shi kuwa ya dage cewa kwandon jami'ar ne aka ɗaga fiye da ƙa'ida. Mai horar da su, wani dattijo marar yawan magana, ya sa aka kawo tsani da igiyar awo, ya ce ya hau ya auna da kansa. Ya hau ya auna, ƙafa goma cif, yadda dokar wasan ta ce. Dattijon ya ce, "To, ɗana, kwando dai ba zai sauko maka ba. Nan da ƙarshen zangon karatu, ko hannunka ya hau, ko ka koma gida."

Ya yi mako guda a kan benci yana cika yana batsewa. Daga nan, ban san me ya sauko da shi ba, sai aka fara ganinsa da hantsi, lokacin da fili babu kowa, ya tsaya taku ɗaya daga kwando kamar wanda yau ya fara taɓa ƙwallo. In goma suka shiga a jere, ya ja baya taku ɗaya. In ɗaya ta kuskure, ya koma farko. An ce koyon sabon jifan bai ba shi wuya kamar mantawa da tsohon ba, domin da ya gaji sai hannun ya koma gidan jiya. Zango ya ƙare ba a sallame shi ba. Ya buga musu har ya gama karatu, a shekarar ƙarshe ma shi ya jagorance su. Ko sun ɗauki kofi, wannan kuma ya tafi tare da sunan.

Abu ɗaya na tabbatar da kaina. Bayan shekaru tafiya ta bi da ni ta garin, na tarar mai waldar da ya kafa sandar kwandon sakandarensu yana raye. Ya ce mini ƙasar wurin rairayi ce, shi ya sa ya ƙara wa ramin zurfi don kada iska ta kayar da ita. Muka je muka auna, kwandon ya gaza ƙafa goma da yatsu huɗu.

Saboda haka, Malam, kafin ka ce nasu ne a karkace, auna na inda ka baro. Hausawa sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.