Ranar da Sandar Bishop Ta Hau Dutse

Rabaran, tunda jiya aka ɗaura maka kwala, zauna in ba ka misali kafin wuyanka ya saba da ita.

An yi wani bishop na Angalika da ya fara aiki yana malamin coci a ƙauye, daga shi sai kekensa. Yau da gobe ya kai inda ake buɗe masa ƙofar mota, wani kuma ya riƙe masa sandar kiwon nan mai lanƙwasasshen kai. Mutumin kirki ne, sai dai shekara goma sha tara yana bishop, mabiyansa da ke zaune kan wani dutse mai nisa ba su san shi ba sai a wasiƙar da ake karanta musu ran Lahadi. Saura wata biyu ya yi ritaya aka gaya masa akwai wata tsohuwa mai kiwon awaki can sama. An yi mata baftisma tun tana da ƙarfinta, amma ba ta taɓa cin Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon nan na tunawa da Almasihu. Ka san ƙa'ida, sai bishop ya ɗora wa mutum hannu tukuna. Shi a gari yake wannan ɗora hannu na tabbatarwa, ita kuwa gwiwa ta hana ta saukowa. Yanzu ga ta kwance, ba ta da roƙon da ya wuce wannan. Kunya ta kama shi, ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Washegari ya kama hanya, mota ta tsaya a gindin dutse. Ya karɓi sandarsa ya dogara, yana hawa yana haki. A al'ada bishop ke zama, wanda za a ɗora wa hannu ya durƙusa. Ranar shi ya durƙusa gefen tabarma, ya ɗora hannu bisa furfurarta, ya ba ta gurasa da ƙoƙo. Ta daɗe tana duban sandar, ta ce, "Baba, ashe kai ma kiwo kake? Amma wannan ba ta taɓa koro akuya ba." Ya yi dariya hawaye na zuba, ita kuwa ta sa aka kawo ruwan ɗumi aka gasa masa ƙafa. Kwana tara bayan nan ta rasu, ta riga ta ci Jibin.

Ranar sallamarsa an shirya wa manyan baƙi kujeru. Sai ga mutanen kan dutse sun sauko, maza da mata, tafiyar wuni guda, don su ce wa Baba ya huta lafiya. Har yau in na tuna sai zuciyata ta karye. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce, zumunta a ƙafa take.