Sau Bakwai Na Hau Ban Faɗi Ba

Mahfuza malamar lissafi ce a Dubai, kuma ta yarda da bayani fiye da kima. A ganinta, duk yaron da aka zaunar aka yi wa magana dalla-dalla zai gane. Shi ya sa ba ta taɓa sa kwaɗo a ƙofar barandar gidansu ba, a hawa na biyu a unguwar International City.

Autarta Najiba, mai shekara huɗu, ta tsiri wata ɗabi'a. Kullum da la'asar sai ta kifa bokitin wanki a baranda, ta ɗare, ta leƙa ko motar kamfani ta dawo da babanta daga Jebel Ali.

Ranar da Mahfuza ta kama ta, sai ta durƙusa ta ce, "Habibti, in kina hawa, wataƙila ki faɗo."

"Sau uku na hau, Umma, ban faɗi ba."

"Wata rana za ki iya faɗowa. Kin gane?"

Najiba ta gyaɗa kai. Ita kuwa malama ta miƙe da murna, wai ta gama aiki.

Yayar Najiba, Muhsinat, mai shekara goma sha ɗaya, ta ce, "Umma, wallahi ba ta gane ba. A wurinta, tunda ba ta faɗi jiya ba, gobe ma ba za ta faɗi ba. A kulle ƙofar kawai."

"Khalas, ya isa haka. Ni za ki koya wa sha'anin yara?"

Ranar Alhamis Mahfuza tana amsa waya daga Kano, ko minti biyu ba ta yi ba, Najiba ta ɗare bokitin, ya zame a kan ruwan sabulu, ta faɗo daga barandar. Rumfar motocin da ke ƙasa ce ta tare yarinyar, ba don haka ba da sai gawa. Ƙugu ya karye. Likita ya ce da wuya ta rabu da ɗingishi.

Da Najiba ta farfaɗo, sai ta ce, "Umma, sau bakwai fa na hau ban faɗi ba. Me ya sa yau?"

Mahfuza ta fashe da kuka, kunya da baƙin ciki suka cika ta. Ita da take shan fama kafin 'yan shekara goma su fahimci "wataƙila" a aji, ta ɗora ran 'yarta a kan wannan kalmar.

Ana sallamarsu daga asibiti ta shiga kasuwar 'yan China ta ciko jaka da kwaɗuna, ta dinga bin gidajen benen ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyarta Perpetua ta ce, "Ai ɗana yana da wayo, na riga na gaya masa."

"Tawa ma na gaya mata, har ta gyaɗa kai," in ji Mahfuza. "Nuna mini ƙofar." Ba ta fita ba sai da ta ga an kulle.

Iyaye, ƙaramin yaro da jiya yake auna gobe, abin da bai taɓa faruwa ba a wurinsa ba zai faru ba. Hangen haɗari sai an girma yake zuwa. Kafin nan, ku yi masa bayani, amma ku kulle ƙofa.